Lambar Martin Folkes ta 1740 da shagon da ya sayar mini da ita

Wani ƙaramin shago ne a arewacin Ingila da ke sayar da tsofaffin sulalla da lambobin tunawa da littattafan da suka shafe su, kuma kusan duk cinikinsa ta intanet yake yi. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma ƙorafin ya shafi shaguna da dama masu wannan sana'a, ba shi kaɗai ba. Abubuwa uku na saya a wurinsa a ciniki guda: lambar tagulla mai ɗauke da fuskar Martin Folkes wadda aka buga a 1740, da sisin azurfa na zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, da sabon bugu na littafin da shi Folkes ɗin ya wallafa a kan kuɗin azurfar Ingila. Lambar ta gaske ce kuma ta cancanci abin da aka biya, sisin ba yabo ba fallasa, littafin kuwa bai zo daidai da yadda aka tallata shi ba. Inda shagon ya fi gazawa shi ne wajen bayani, domin yana sayar da kayan ƙarfe ba tare da faɗin nauyinsu ba, alhali mutumin da ke kan lambar ya ƙarar da shekaru masu yawa yana nuna cewa a kan sikeli ake sanin gaskiyar kuɗi.

Wanda zai fitar da kuɗinsa ya sayi fuskar wani Bature da ya rasu tun 1754 yana da haƙƙin a gaya masa ko wane ne, amma katin da shagon ya haɗo da lambar layi biyu ne kacal, kuma ɗaya daga cikinsu ma akwai gyara. An haifi Martin Folkes a Landan ranar 29 ga Oktoba 1690. Mahaifinsa babban lauya ne, mahaifiyarsa kuma 'yar gidan Hovell ce, masu gandu a Hillington da ke yankin Norfolk, saboda haka bai taɓa buƙatar neman aikin albashi ba. Ya koyi lissafi a hannun Abraham de Moivre, Bafaranshen da ya yi hijira zuwa Ingila saboda tsangwamar addini kuma ya yi fice a lissafin yiwuwar aukuwar abubuwa, sannan ya shiga kwalejin Clare a Jami'ar Cambridge. Yana da shekara 23 aka zaɓe shi a ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, wato Royal Society, a 1714, lokacin Isaac Newton ne shugabanta. Newton ya ja shi a jiki, har ya naɗa shi mataimakinsa a 1723. A fannin falaki, mujallar ƙungiyar ta buga bayaninsa a 1717 game da hasken nan mai launi da kan bayyana da dare a sararin ƙasashen arewa, wanda ya lura da shi a saman Landan. Bayan rasuwar Newton kuma yana cikin waɗanda suka shirya littafinsa na lissafin shekarun tsofaffin dauloli domin bugawa a 1728.

Katin shagon ya ce lambar an yi ta ne domin girmama shugaban Royal Society. Wannan ba daidai ba ne, kuma bayan lambar da kansa ya isa shaida, domin rubutun Latin da ke cikin zanen ado a wurin cewa ya yi shi ɗan ƙungiyar ne, sai kuma shekarar 1740 da haruffan Rumawa. Folkes ya nemi shugabancin tun 1727 da Newton ya rasu, ya kara da likita Hans Sloane, wanda tarin kayansa ne daga baya ya zama tushen gidan tarihi na Birtaniya, amma Sloane ya kayar da shi. Sai a ƙarshen 1741, da tsufa ya sa Sloane ya sauka, kujerar ta zo hannunsa, ya riƙe ta har 1752. Ke nan lambar ta riga shugabancin da shekara guda. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, amma a wannan sana'a shekara guda ba ƙaramin abu ba ce, kuma dillalin da bai karanta abin da ke rubuce a bayan hajarsa ba yana sa mai saye ya fara tantamar sauran abin da ya faɗa.

Ita kanta lambar ba ni da abin cewa a kanta sai yabo. Aikin Jacques-Antoine Dassier ne, ɗan birnin Geneva, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa Jean Dassier, shahararren mai sassaƙa hatimin lambobi. Ya zo Landan a 1740, a shekarar da ta biyo baya ya samu aiki a gidan buga kuɗi na sarki, kuma cikin 'yan shekaru ya fitar da jerin lambobi na manyan mutanen Ingila da ke raye a lokacin, cikinsu har da de Moivre da Sloane da Edmond Halley da Robert Walpole. Ta Folkes tana cikin na farkon jerin. Faɗinta ya kai kusan santimita biyar da rabi, ta cika tafin hannu, kuma tana da nauyin da mutum zai ji a hannunsa. Dassier bai yi wa mutumin kwaskwarima ba. Ga kumatu cike, ga haɓa mai ninki, ga wuya mai kauri, duk an fito da su yadda suke, kuma idan aka karkata lambar ta fuskar taga sai a ga yadda haske ke bin ninkin tufarsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san hoton da William Hogarth ya zana masa a 1741, wanda ke hannun Royal Society, zai gane mutum ɗaya ne ba tare da an gaya masa ba. A kewayen fuskar an rubuta sunansa da Latin tare da laƙabin da ake yi wa masu asali waɗanda ba su da sarauta, kuma sunan mai aikin yana nan da ƙananan haruffa.

Tambayar da ta fi damun mai sayen irin wannan kaya ita ce ko bugu ne na asali ko kuwa zubi ne da aka kwaikwaya daga baya. Bambancin a bayyane yake ga wanda ya san inda zai duba. Lambar asali ana matse ta ne tsakanin hatimai biyu na ƙarfe da ƙarfin inji, saboda haka haruffanta kan fito da kaifi, filin da ke kewaye da hoton kuma ya yi sumul. Ta zubi kuwa, da yake narkakken ƙarfe ake zubawa a cikin ƙira, takan fito da ƙananan ramuka kamar na ƙwayar yashi, bakin haruffan ya dakushe, sau da yawa a ga alamar haɗi ko ta goge a gefenta, kuma takan ɗan ƙanƙance domin ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Na bi wannan da gilashin ƙara girma daga gefe zuwa gefe. Haruffan a tsaye suke, filin babu ramuka, gefen babu alamar haɗi, launinta kuma ruwan ƙasa ne mai duhu irin wanda tagulla kan yi da daɗewa, ba a goge ta da wani magani ba. Akwai ɗan rauni a baki ta gefen dama inda ta taɓa faɗuwa, kuma a nan dole in yaba wa shagon, domin ya nuna raunin a hoto na musamman kafin ciniki, bai ɓoye shi a inuwa ba kamar yadda wasu ke yi. Mai sha'awar aikin gidan Dassier ya kuma sani cewa jerin sarakunan Ingila da mahaifin ya yi a 1731 an sake buga shi a Birmingham a ƙarni na 19, saboda haka ganin sunan Dassier kaɗai ba ya tabbatar da shekarar bugu.

Akwai wata lambar Folkes ta biyu, ƙarama, mai ɗauke da sunan birnin Rum, wadda a bayanta akwai dala da wani gunki mai jikin zaki da kan mutum, kuma an rubuta shekararta 5742 bisa lissafin shekaru na ƙungiyar asiri ta Freemason, wadda Folkes ya riƙe muƙamin mataimakin babban shugabanta a Ingila a 1724. Shagon ba shi da ita, amma ya ce zai sanar da ni idan ta shigo.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. A shafin shagon an rubuta sunan ƙarfe da shekara da farashi, amma babu nauyi, babu faɗi, ko na lambar ko na sisin. Da na rubuta na tambaya, amsar da ta zo cikin ladabi ita ce hotuna sun isa su nuna yanayin kaya, kuma idan ina so za a auna mini. An auna ɗin, ba a yi gardama ba, sai dai abin da ya kamata a gani tun a shafi ne aka mayar da shi alfarma. Ko mai sayar da zinariya a kasuwa ba ya buɗe baki ya faɗi farashi sai ya ɗora sarƙa a kan sikeli a gaban mai saye. Abin ya fi zama abin mamaki idan aka tuna wane ne Folkes. A 1733 ya kwashe iyalinsa suka tafi Italiya, suka yi fiye da shekara biyu, kuma maimakon ya tsaya kallon gine-gine kamar sauran masu hali na zamaninsa, sai ya shiga auna tsofaffin ma'aunan da aka adana a Rum, yana neman sanin ainihin tsawon ƙafar awo ta Rumawa da nauyin kuɗinsu. Bayan ya dawo ya gabatar da sakamakon awon a gaban ƙungiyarsa, ya kuma karanta wa ƙungiyar masu binciken kayan tarihi ta Landan maƙala a kan ginshiƙan sarakuna Trajan da Antoninus. A 1736 ya fitar da jadawalin kuɗin zinariyar Ingila tun daga shekara ta 18 ta mulkin Edward na Uku, wato 1344, shekarar da aka kafa buga zinariya a ƙasar. A farkon shugabancinsa, a 1742, Royal Society ta yi musayar sandunan awo da duwatsun nauyi da takwararta ta Faransa domin a san daidai yadda ma'aunan ƙasashen biyu suke da juna, kuma George Graham, mai ƙera agogo da kayan awo, shi ya kula da aikin. A wannan shekarar ce kuma makarantar kimiyya ta Faransa ta ba Folkes gurbin da Halley ya bari da ya rasu.

A ganina Folkes ba ya cikin manyan masana lissafi, kuma babu wata ƙa'ida da ake kira da sunansa. Baiwarsa ita ce ya ɗauki ɗabi'ar masu duban taurari, wato auna abu sau da yawa da rubuta adadi yadda yake, ya kai ta wani fagen da a lokacin labari da zato suka fi yawa a cikinsa. Kafin shi an yi rubuce-rubuce a kan kuɗin Ingila, amma shi ya haɗa yarjejeniyoyin da sarakuna suka ƙulla da masu buga kuɗi da nauyin sulallan da suka rage a hannun mutane, ya jera su sarki bayan sarki, ta yadda mai karatu zai ga da idonsa yadda kwabon azurfa ya yi ta ramewa. A zamanin sarakunan Norman, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, nauyinsa ƙwayar awo 22 da rabi ne, kuma kowace ƙwaya kimanin giram 0.065 ce. A 1351 ya koma 18, a 1412 ya koma 15, a 1464 ya koma 12, a zamanin Elizabeth kuma ya sauko zuwa 8. Sunan kuɗin bai canza ba, azurfar da ke cikinsa ce ta yi ta raguwa, kuma duk wanda ya ga abin da hauhawar farashi ke yi wa albashi zai fahimci wannan jadawalin ba tare da dogon sharhi ba.

Dalilin da ya sa na haɗa da sisin ke nan, domin in gwada shagon da ma'aunin Folkes. Sisin na 1575 ne, an buga shi da guduma, a gaba ga sarauniya da kambi da fure a bayan kanta, a baya kuma ga garkuwar sarauta a kan gicciye da shekara a samanta. Furen ba ado ba ne kawai. Da yake ba a rubuta ƙimar kuɗi a jikinsu a lokacin, shi ne ke bambanta sisi da taro daga sauran sulallan da suka yi kusa da su a girma. Wannan kuɗi ya fito ne bayan wani mummunan zamani, domin daga 1544 Henry na Takwas ya fara gauraya azurfar ƙasar da jan ƙarfe don biyan kuɗin yaƙe-yaƙensa, har ta kai kashi ɗaya cikin uku kacal ne azurfa, a 1551 kuma a zamanin ɗansa Edward na Shida wasu sulallan suka sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Elizabeth ce ta janye gurɓatattun a 1560 da 1561, aka koma kan tsohon mizani na kashi 92.5 cikin 100. Bisa wannan tsari sabon sisi ya kamata ya yi ƙwaya 48, wato giram 3.1. Nawa bai kai giram 3 ba, kuma idan aka duba bakinsa za a ga dalili, domin a wani ɓangare saman haruffan ya tafi, alamar an taɓa yanke gefen da almakashi an tara azurfar. Wannan ba laifin shagon ba ne, tsohuwar cuta ce, wadda ta yi tsanani har a ƙarshen ƙarni na 17 tsofaffin sulallan da ke yawo suka rasa kusan rabin nauyinsu, aka tilasta sake buga kuɗin ƙasar gaba ɗaya daga 1696, shekarar da Newton ya fara aiki a gidan buga kuɗi. Laifin shagon shi ne ya kira sisin mai kyau ƙwarai, bai ambaci yankan ba, bai kuma faɗi nauyin da zai tona shi ba. Fuskar sarauniyar ma ta shafe sosai, wanda abu ne da aka saba gani a wannan kuɗi. Farashin bai wuce na kasuwa ba, saboda haka ban ce an cuce ni ba, amma an kambama shi fiye da matsayinsa. Duk da haka akwai daɗin riƙe shi ga Bahaushe, tun da kakan sisin nan ne da iyayenmu suka yi ciniki da shi tare da taro da sule da fam, kafin naira da kwabo su maye gurbinsu a Najeriya a 1973.

Littafin ne ya fi ba ni takaici. A shafin shagon an ce yana da hotunan sulalla, amma abin da ya iso kwafin bugun 1745 ne na jadawalin kuɗin azurfa tun daga zuwan Norman a 1066, irin wanda ake ɗaukar hoton tsohon littafi shafi-shafi a buga idan an yi oda, kuma babu allunan zanen a ciki. Dalilin a tarihin littafin yake. Folkes ya sa an fara sassaƙa allunan amma ba su fito yana raye ba. Ƙungiyar masu binciken kayan tarihi, wadda ya shugabanta daga 1750 har ya rasu, ita ta karɓi aikin, ta fitar da cikakken bugu mai zane a 1763 a ƙarƙashin kulawar Andrew Gifford. Wanda yake son hotuna, bugun 1763 zai nema, kuma ya kamata mai shagon littattafan kuɗi ya san wannan bambanci kafin kowa. Ingancin kwafin ma da sauran gyara. Manyan haruffa suna karantuwa, kuma tsohon harafin s mai kama da f ba ya ɗaukar lokaci kafin ido ya saba da shi, amma ƙananan alƙaluma da ɓangarorin ƙwaya, waɗanda su ne ran littafin, sun dusashe a wurare da yawa har ba a bambance 3 da 8. Wasu shafukan an ɗauke su a karkace, layin ƙarshe ya shige cikin ɗinki. Takardar fara ce mai kyau, bangon kuma mai laushi ne da ba zai jure yawan buɗawa ba.

Ko da kwafin ya fito tas, akwai gargaɗin da ya kamata shagon ya yi wa sabon mai tara kuɗi. Littafin na 1745 ne, kuma an wuce shi a batun tantance wane sarki ne ya buga wane kwabo. Misali, kwabban da aka buga daga 1180 zuwa 1247 duk sunan Henry suke ɗauke da shi, har da waɗanda aka buga a zamanin Richard na Farko da ɗan'uwansa John, kuma sai a ƙarni na 19 masana suka warware wannan. Amfanin littafin a yau shi ne nauyi da ƙimar ƙarfe da kuma ganin yadda aka fara wannan ilimi, ba gane kuɗin da mutum ya tsinta ba.

Na ɗan yi mamakin yadda shagon bai yi amfani da labarin mutumin ba wajen tallar hajarsa, domin labari ne da ke da abin ji. A 1714 ya auri Lucretia Bradshaw, 'yar wasan kwaikwayo a dandalin Landan, abin da masu irin matsayinsa ba su saba yi ba. Daga baya ta samu taɓin hankali aka killace ta a Chelsea, ɗansu namiji kuma ya rasu yana saurayi a Faransa sakamakon faɗowa daga kan doki. Shugabancinsa ma bai tsira daga suka ba. William Stukeley, wanda ya san shi shekaru da yawa, ya zarge shi da rashin addini da yi wa masu imani ba'a, John Hill kuma ya wallafa littafi guda a 1751 yana yi wa maƙalun ƙungiyar dariya, yana cewa a hannun Folkes ta koma wurin tattauna abubuwan banza. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin cewa sha'awar kayan tarihi ta yi yawa a zaman ƙungiyar, amma idan aka duba waɗanda aka karrama a shekarunsa sai a ga zancen Hill ya wuce gona da iri. Lambar Copley, wadda har yau ita ce babbar kyautar Royal Society, Folkes ne ya ba da shawara a 1736 a mayar da ita lambar zinariya daga fam 100 da Godfrey Copley ya bari a wasiyya. A zamanin shugabancinsa ta je hannun Abraham Trembley a 1743 saboda binciken wata 'yar halittar ruwa da kan sake tsiro idan an yanka ta, ta je hannun James Bradley a 1748 saboda gano ɗan rangajin da sandar juyawar duniya ke yi, sannan a 1749 ta je hannun John Harrison, kafintan da ya koma ƙera agogon da jiragen ruwa za su san matsayinsu a teku da shi. Yana kuma cikin waɗanda aka nemi shawararsu kan dokar gyaran kalanda wadda ta sa Ingila ta tsallake daga 2 ga Satumba zuwa 14 ga Satumba a 1752. Kafin nan shanyewar jiki ta kama shi a 1751, ya rasu ranar 28 ga Yuni 1754, aka binne shi a Hillington. Gwanjon littattafansa da zane-zanensa da sulallansa a 1756 ya ɗauki kwana 56. Da shagon ya rubuta ko da kashi ɗaya cikin goma na wannan a katinsa, da mai saye ya san abin da ya riƙe a hannu.

A ɓangaren hidima kuwa babu abin zargi sosai. An naɗe lambar a takarda marar sinadari, aka sa ta cikin ƙaramin akwatin roba mai murfi, aka cusa auduga ta yadda ba ta motsi, sisin kuma yana cikin 'yar ambulan dabam domin kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. An aiko da kayan ta gidan waya da inshora da lambar bibiya, sai da na sa hannu aka miƙa mini, kuma ba a rubuta abin da ke ciki a bayan kunshin ba, wanda hikima ce ga irin wannan kaya. Rasit ɗin ya ƙunshi alƙawarin cewa idan aka tabbatar kayan jabu ne za a mayar da kuɗi komai daɗewa. Ana amsa saƙo a kan lokaci kuma da mutunci. Da na nuna musu batun shugabancin da na littafin, ba su yi musu ba, suka gyara bayanin lambar a kundinsu, suka ce in mayar da littafin su biya kuɗin aikawa. Na mayar, kuɗina suka dawo cikakku. Shagon yana aikawa ƙasashen waje, amma mai saye daga nesa ya lissafa kuɗin inshora da na kwastan tun da wuri, domin a kan ƙaramin sulai suna iya kusan kai kuɗin kayan, kuma mayar da abu daga can ba zai zo da sauƙin da na samu ba.

Wanda yake neman lambobin ƙarni na 18 zai iya sayayya a irin wannan shago da kwanciyar hankali, domin hotunansu na gaskiya ne kuma ba sa ɓoye rauni a manyan kaya. Wanda yake neman sulallan guduma kuwa kada ya biya sai an rubuto masa nauyi da giram da faɗi da milimita, ya kuma nemi hoton bakin kuɗin, sannan ya kwatanta da nauyin da ya kamata sabo ya yi. Littattafansu na sabon bugu ban ba da shawarar a saya ba sai an tambayi shekarar bugun da aka kwafa, an kuma ga hoton shafi ɗaya na jadawali. Ni dai na bar musu saƙo cewa idan lambar de Moivre ta 1741 ta shigo su sanar da ni, tare da nauyinta.